Daga Ƙofar Gida Zuwa Ɗakin Amarya: Tafiyar Kyamara a Bikin Ƙasar Daura

Idan magariba ta kawo jiki a Zango ranar kai amarya, akwai ɗan lokacin da tsakar gida kan yi tsit. An yi wanka, an yi turare, an lulluɓe yarinya da mayafi har ba a ganin ko ƙumbarta da ta sha lalle. Gwaggo ta kama hannunta ta kai ta gaban mahaifinta, ta durƙusa. Uban ya ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla, ta bi mijinta, ya sa mata albarka, kuma sau da yawa muryarsa kan sarƙe kafin ya kai ƙarshen maganar. Uwa ba ta tsayawa wurin. Takan shige ɗaki ta ba ƙofa baya. Shekara hamsin da suka wuce, wanda ya ga wannan ya gani ke nan, sai dai ya ba da labari. Yau kuwa wayoyi biyar ko goma ne a sama, a hannun ƙawaye da ƙanne, kuma kafin motar amarya ta bar unguwa hawayen uban sun isa Magarya a ƙetaren iyaka, sun isa Kano, sun isa wurin ɗan'uwan da ke neman kuɗi a Legas.

Irin wannan hoto, wanda ake ɗauka ba tare da an ce kowa ya gyara tsayuwa ba, shi ne hoton bazata. Nisan da kyamara ta taka kafin ta same shi bai wuce taku ashirin ba: daga ƙofar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa tsakar gida, daga nan zuwa ɗakin amarya. Amma ta yi kusan shekara ɗari a wannan tafiya, don a kowace ƙofa sai an tsayar da ita an tambaye ta ko 'yar gidan wa ce.

Zango gari ne da ya saba riƙe tarihinsa da baki. Lokacin da jihadi ya iso Daura a 1805, Malam Ishaku ya karɓi birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta watse ba. Bayan shekaru na yawo suka kafa sarautarsu a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Ɓaure. A nan suka riƙe sarautun fada da al'adun tsohuwar Daura, Damagaram na tsaye a kansu daga arewa, har 1904 da Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon kakanninsa a Daura. Sarakunan da suka yi zamani cikin waɗannan shekaru kusan 80, da kirari aka san su, ta bakin maroƙa da makaɗa da tsofaffin fada.

Aure ma haka ake riƙe shi. Maza su taru a ƙofar gida da hantsi, liman ya tambayi waliyyi da wakili, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita don na nesa su ji, a raba goro. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Wanda ya ci goron nan ya zama shaida har ƙarshen ransa. Mata kuwa suna da nasu kundin a ka: wace ce ta kawo ƙwarya, wace ce ta kawo tasa, nawa wance ta ba da gudummawa, don ranar nata bikin a ninka mata. Tsohuwa takan nuna kwano ɗaya a jerenta ta faɗi wadda ta saya mata shi da kasuwar da aka sayo shi, kuma kwanon nan ya yi mata aikin da albam ke yi wa jikarta.

Bayan haka, bikin Bahaushe a kan ɓoyo aka gina shi. Baba ta Karo, wata tsohuwa da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950 har ya zama littafi a 1954, ta bayyana yadda amarya kan gudu ta ɓuya, a nemo ta a kama, a sa ta a lalle tana kuka. Duk wata tsohuwa a Zango ko Sandamu za ta gane wannan bayani. Amarya ba ta magana sai an sayi bakinta. Ba ta buɗe fuska sai ranar buɗar kai. Ango ma yakan laɓe a gidan babban abokinsa, ba ya yarda ya haɗa ido da surukai. A wurin ɗaurin auren kansa amarya ba ta nan, ango kuma yana can gefe ko bai zo ba sam; wakilai ne ke magana. Da kyamara ta iso tana neman ango da amarya a tsaye wuri ɗaya, ba ta tarar da su ba.

Ta bakin teku ta shigo. An sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, jiragen ruwa kuma suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma. George da Costa ya buɗe shagonsa a Legas a 1895. A Bonny akwai Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki sanannen hoton Oban Binin, Ovonramwen, a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawa sun ci birninsa. A garuruwan gaɓa kyamara ta samu irin bikin da ya dace da ita: auren coci na 'yan boko, amarya cikin farar riga da fuska a fili, ango a gefenta, dangi a jere kan matakala. Biki ne na nunawa, ya haɗu da na'urar nunawa, suka zauna lafiya.

A Arewa da farko a hannun Turawan mulki ta zo, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne sarakuna da dawakai, ganuwa da kasuwa. Cikin gida ya fi ƙarfinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari, sai masu sana'ar daga Kudu suka biyo dogo, musamman Yarbawa, waɗanda daga baya suka bazu har Damagaram da Maraɗi da Yamai. Irinsu mutanen karkara suka fara gani ranar kasuwa ko ranar hawan Salla: akwati mai ƙafa uku, mutum ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya zura hannu cikin akwatin yana wanke takarda a ruwan magani. Abin da ke fara fitowa siffa ce a juye, baƙar fuska ta koma fara, farar riga ta koma baƙa. Bahaushe ya duba ya raɗa mata suna dodon hoto, sunan da ya nuna abin da zuciya ta ji a ganin farko.

Malamai ma sun tare ƙofa. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sassaƙa da zana siffar mai rai sanannu ne a kowane zauren karatu, kuma tambayar ita ce ko hoton na'ura ya shiga cikinsu. Muftin Masar, Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana cewa hoton kyamara kama inuwa ne, irin abin da madubi ke yi. Wasu malaman, kamar Shaikh Ibn Baz na Saudiyya, sun tsananta, ba su halatta shi ba sai da larura. Kowane ra'ayi ya samu mabiya a ƙasar Hausa, har yau kuma akwai gidajen da ba a rataya hoto a bango. Sai dai rayuwa ta riƙa kawo larura ɗaya bayan ɗaya. Maniyyacin da zai hau jirgin sama daga Kano, abin da aka fara tun shekarun 1950, dole ya zauna gaban mai hoto saboda fasfo. Haka ɗan makaranta, haka mai shiga soja, haka direba. 'Yan Tijjaniyya kuma suka cika ɗakuna da shaguna da motoci da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Wanda ya saba kallon fuskar shehinsa a bango kullum, da wuya ya ci gaba da tsoron akwati mai ƙafa uku.

Kuɗin man fetur ne ya kai kyamara ƙofar gidan biki. Ƙarin albashin Udoji ya zo a tsakiyar shekarun 1970, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya watsa malaman makaranta cikin ƙauyuka, matasa masu albashi da keke ko babur, waɗanda suka ga hoton aure a Kano da Kaduna suka ce su ma suna so. A zamanin Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966 ya yi shekara 41 a kan gado, sana'ar ta fara sauya hannu: yaran gari da suka koya wurin baƙi suka rataya kyamarar Yashica a wuya. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Baƙo a ƙofar gida yake tsayawa. Ɗan unguwa kuwa, wanda aka san uwarsa, ana iya cewa ya shigo zaure.

Wanda ya ga hotunan auren wancan zamani yakan yi mamakin yadda kowa ya ƙame babu fara'a. Dalilin farko lissafi ne. Fim ɗaya hoto 12 yake ɗauka a wasu kyamarori, a wasu 24 ko 36. Da hoto mai kala ya yaɗu a shekarun 1980, mai hoton ƙaramin gari ba ya iya wanke shi a ɗan ɗakinsa mai duhu. Sai ya ba direban mota fim ɗin a bi ta Kazaure a kai Kano, ko a kai Katsina, a jira kwanaki. Kowane danni kuɗi ne, kuma katin da mai shi ya ƙi karɓa asara ce a wuyan mai hoto. Don haka ba mai ɓarnatar da fim a kan mutumin da bai shirya ba. Sai ya jera su: Alhaji, a ɗan matso, Malam, a gyara hula, to, kar kowa ya motsa. Ango a tsakiya cikin babbar riga mai aska takwas, abokai a gefe, wannan ya janye hannun riga don agogo ya fito, wancan ya jingina da babur, wani ya rungumi rediyo.

Dalili na biyu kamun kai ne. Mai mutunci ba ya washe haƙora a abin da zai daɗe bayansa. Hoton amarya kuwa sai an watse, bayan buɗar kai, da izinin miji, tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa. Ta zauna a bakin gado mai rumfa, jeren kwanuka a bayanta har kusa da rufi, hannuwa a cinya don lalle ya fito, kai a ɗan sunkuye. Mai hoto ya roƙa: amarya, a ɗan ɗago. Ta ɗago rabi. Masu son hoton bazata na yau kan ce waɗannan hotuna ba su da rai, kuma wannan babban kuskure ne. Yarinyar da ke zaune gaban jerenta tana shaida wa duk mai dubawa cewa iyayenta sun fitar da ita kunya, tana da dangi, an yi mata gata. Ita ta zaɓi zanen da za ta ɗaura, ita ta zaɓi abin da za a gani da abin da za ta ɓoye. Wannan iko a kan siffar kai shi ne abin da jikokinta suka fara rasawa.

A wasu ƙasashen an daɗe da soma ɗaukar mutane yadda aka same su. Ƙaramar kyamarar Leica ta shiga kasuwa a Jamus a 1925, ta sa mai hoto ya iya yawo cikin taro ba tare da akwati ba. A Bamako, Malick Sidibé ya shafe shekarun 1960 yana bin dare daga wannan biki zuwa wancan, yana kama matasa cikin rawa, ya kwana yana wanki, da safe su zo shago su zaɓi nasu. A 2007 aka ba shi babbar lambar girma a baje kolin fasaha na birnin Venis. A Yamai, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki. Su biyun a biranen Musulmi suka yi sana'a, amma a filin rawar 'yan birni inda samari da 'yan mata ke cuɗanya, nesa da tsakar gidan da ake kulle.

A harkar aure, wanda ya fi yayata salon shi ne Ba'amurke Denis Reggie, mai ra'ayin cewa mai hoton biki ya yi aiki kamar ɗan jarida: ya yi shiru, ya sa ido, kada ya ba da umarni. Hotonsa da ya zagaya duniya a bakin teku aka ɗauke shi, a tsibirin Cumberland na jihar Jojiya, ranar 21 ga Satumba 1996. John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya auri Carolyn Bessette a asirce cikin wata 'yar cocin katako ta baƙaƙen fata wadda ko lantarki babu, gaban baƙi kimanin 40. Suna saukowa daga matakala ango ya ɗaga hannun amarya ya sumbata, murmushi ya kuɓuce mata, Reggie ya danna. Bayan wannan hoto amare a ƙasashe da dama suka shiga neman mai hoton da ba zai ce musu kar a motsa ba.

Teku na da nisa da Zango, kuma bazata ta wata hanyar ta shigo: ta bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kuma irin kyamarorin kaset da suka haifar da finafinan Hausa su ne ake haya a kai gidan biki. Bidiyo ba ya jira a shirya. Kaset na juyawa yana kwashe mai hamma da mai loma, da kishiyar uwa da ta taɓe baki lokacin da ake buɗe lefe, da kakar da ta manta shekarunta ta shiga fili da kalangu ya yi daɗi. Ran da aka kawo kaset aka tayar da janareta, ɗaki ya cika ana kallo ana shewa, mutane suka ga kansu yadda wasu ke ganinsu. Da yawa sun ji daɗi. Wasu mazan kuma suka ji labarin an ga matansu na rawa a talabijin ɗin wani gida, aka yi rigima.

Tare da mai bidiyo aka samu mai hoton da ba wanda ya gayyace shi. Yakan shiga taro ya yi ta ɗaukar baƙi, ya hau babur ya garzaya wurin wanki, ya dawo kafin a tashi ya baza katunan a bakin ƙofa. Mace ta tsaya ta ga kanta, ta biya ta ɗauka, wani lokaci don ta yi kyau, wani lokaci don kada hotonta ya kwana a hannun wanda ba ta sani ba.

Da jihar Katsina ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wa'azi kan cakuɗuwar maza da mata a biki ya ƙaru, kuma namiji mai kyamara a tsakiyar mata na cikin abin da aka fi suka. Gidaje da yawa suka koma walima, suka sallami makaɗa da mai bidiyo tare. Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga abin da ba wanda ya yi lissafi da shi. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ta zo da ido a bayanta, sannan Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi suka kai ta hannun 'yar ƙauye.

Ƙofar ƙarshe ba mai hoto aka buɗe wa ba. Waɗanda ke ciki ne suka wayi gari da kyamara a hannu. Mafi kyawun hotunan bazata da ake ɗauka a bikin Zango yau, sau da yawa ƙanwar amarya ce ke ɗaukarsu, yarinya 'yar shekara goma sha biyar wadda ba mai gyara mayafi saboda ita. Ita ke kama mai lalle ta sunkuya kan ƙafa tana zane, da tsofaffi kewaye da manyan tukwane tun asuba hayaƙi na ratsa hasken safiya, da kaka tana tsokanar ango wai ita ce uwargida, da uwa da ta fito bayan mota ta tashi ta tsaya tana duban ɗakin da ba kowa ciki. Maza masu kyamara sun yi shekara ɗari a wannan ƙasa ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mata sun shiga sana'ar kanta ma. Fati Abubakar ta Maiduguri ta buɗe shafinta na Bits of Borno a 2015, tana nuna kasuwa da makaranta da biki a garin da duniya ba ta jin labarinsa sai bam ya tashi. Hanan, 'yar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari na Daura, ɗaukar hoto ta karanta a jami'a a Landan. A biranen Arewa yanzu akwai iyayen da kan nemi mace mai hoto don ranar kamu da sa lalle, su bar namiji a wurin ɗaurin aure. Wannan tsari ya dace da ginin gidan Bahaushe fiye da duk wanda aka gwada a baya.

Hoton shiri kuwa bai mutu ba, ƙara ƙarfi ma ya yi. Bukukuwan manya, irin na Yusuf Buhari da 'yar Sarkin Bichi a watan Agusta 2021, kan cika Instagram kafin a gama raba goro, kuma tela da mai kwalliya da mai hoto a ƙananan garuruwa daga nan suke ɗaukar darasi. Saurayi da budurwa da kakanninsu ba su yarda a gan su tare ba sai bayan an kai amarya, yanzu suna zuwa shagon hoto makonni kafin ɗaurin aure, a buga su a kalanda da sitika da bangon littafin da ake rabawa. Malamai sun sha magana a kan wannan a mumbari, musamman inda aka taɓa juna kafin a shafa fatiha. Akwai kuma bazatar ƙarya: mai hoto ya ce amarya ta kalli gefe ta yi dariya kamar ba ta san da shi ba, a maimaita sau biyar har ta fito. Mai lura yana gane ta, don dariyar da aka roƙa a leɓe take tsayawa, ba ta kaiwa ido.

Ga mutanen Zango amfanin hoton waya ya wuce ado. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata, wadda tawagar Tilho da O'Shee ta kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa tsohuwar ƙasar Daura ta bar dangi ɗaya a ƙasa biyu. Aure tsakanin ƙauyukan Zango da na Magarya ko Matamaye bai taɓa tsayawa ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, ayarin motocin biki ya yi wuya. 'Yan'uwan da suka kasa zuwa ta WhatsApp suka halarta. Gwaggo a ƙetare ta ga lefe akwati-akwati, ta ga amarya cikin lulluɓi, ta aiko da guɗarta a saƙon murya.

Sai dai akwai abin da ke damun duk mai kishin wannan al'ada. Kukan amarya a gaban mahaifinta nasu ne su biyu. Matar aure da ta sauke mayafi ta taka rawa a tsakar gida ta yi ne don ta san mata ne kaɗai a wurin. Hoton da ƙawa ta ɗauka da zuciya ɗaya yakan bi waya zuwa waya har ya faɗa shafin da baƙi ke yi wa mutane ba'a, aure ya girgiza a kan abin da bai kai minti ɗaya ba. Mai Yashica na wancan zamani yana da shago. Ana iya zuwa a same shi, a karɓi dodon a ƙone. Hoton da ya shiga intanet ba shi da dodon da za a karɓo. Shi ya sa a wasu gidajen uwar biki kan miƙe kafin a fara kiɗan ƙwarya ta ce a ajiye wayoyi, kuma tana da gaskiya.

Tsofaffin katunan kuwa suna ƙarewa a hankali. Masu kala na shekarun 1980 sun koma ja-ja, fuskoki na dusashewa. Gara ta ci wasu, damina ta manne wasu da ledar albam. Shagunan da zuwan waya ya kashe, da yawa sun zubar da dodanninsu, alhali a ciki akwai yadda ɗinkin riga ya sauya, da yadda jere ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa zuwa tangaran, da fuskokin mutanen da ba su da wani hoton a duniya. Na waya ma ba su tsira ba: idan ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, bikin ya tafi da ita. Masu baƙi da fari na shekarun 1960 da 1970 su suka fi jurewa. Idan ana biki a gida, jikoki kan matsa wa kaka: Inna, ina na bikinki? Ta buɗe adaka, ta zaro kati ɗaya daga ƙarƙashin zannuwa, naɗe a tsohuwar takarda. A bayansa hatimin shagon da ya daɗe da rufewa, a gabansa yarinya a bakin gado, kai a sunkuye, kwanuka a bayanta. Jikar ta shimfiɗa shi a cinya, ta kare hasken rana da mayafinta, ta ɗauke shi da waya, ta tura wa 'yan'uwa na Magarya.